Allon Tagulla a Fagge

A maɗaba'ar Baba Na'iya da ke Fagge,
inda muke buga katin biki da rasit na 'yan kanti,
ranar da aka ɗauke wuta tun da hantsi
na jawo aljihun tebur ina neman ƙusa,
hannuna ya faɗa kan wani abu mai sanyi:
allon tagulla, naɗe cikin tsumman buhun gishiri.

"Wani Kwara ya bar shi jingina," in ji Baba,
"tun ina da baƙin gashi. Bai dawo ba."

Na karkata shi wajen taga.
Ba komai sai ƙarce-ƙarce, kamar tonon kaji.
Baba ya yi dariya, ya naɗe hannun riga.
Ya cusa tawada cikin kowace tsaga,
ya goge da tsumma, ya bi da tafin hannu
kamar mai shafa kan maraya.
Muka jiƙa takarda,
muka tayar da tsohon injin hannu da ke barci bayan ƙyaure.
Ya yi ƙara, ya yi tari, ya juya.

Da na ɗaga takardar, sai da na ja da baya.

Ga mutum ɗaure a kan dutse,
kai a ƙasa, ƙafafu suna harbin sama,
sarƙa ta nutse cikin tsintsiyar hannu.
Ga mikiya ta faɗo daga kusurwa,
fiffikenta ya raba shafin gida biyu
kamar almakashin tela a kan shadda.
Duk inda ido ya gudu, layi ya kamo shi
ya mai da shi ga baki ɗaya, ga haƙarƙari ɗaya.
Gajimare ma ya karkace.
Babu abin da ya tsaya daidai a duniyar nan tasu.

Can ƙasa, inda babban yatsana ya rufe,
wani ɗan bakin wuta ya faɗi, bai mutu ba.

"Wuta ya sato daga sama ya kawo wa mutane,
shi ne aka ɗaure shi.
Kullum tsuntsuwa ta ci hanta, dare ya mayar.
Tatsuniyar mutanen ƙetaren teku ce,
kada ka ɗora ta a ka."
Haka Baba ya faɗa, yana wanke hannu da kananzir.

Amma ni kakana maƙeri ne a gindin Dala.
Na san tabon tartsatsi a damtse,
na san nishin zuga-zugi kafin asuba.
Ban taɓa tambaya wa ya biya kuɗin garwashin farko ba.

Na kawo fuskata kusa.
Ashe ba a shafa baƙi ko'ina ba.
Duhun nan layi ne kan layi, an gicciya,
saƙar zana mai ƙaramin ido.
Hasken kuwa,
wurin da mai sassaƙa ya ɗauke hannunsa ne kawai.

Kuma a kan allo mikiya daga dama take zuwa,
a takarda ta fito ta hagu.
Wannan bawan Allah a baibai ya yi aikinsa duka,
wata nawa, wa ya sani,
yana sassaƙa ihun da bai gani daidai ba
sai ranar bugu.
Sunansa a gindin allon ya cinye. Harafi uku suka rage.

Gab da la'asar aka kawo wuta.
Yaran layi suka yi ihu, babban inji ya ɗauka,
katin Asabar ɗari biyar na jiranmu.
Na rataye mutumin a igiya tsakanin katunan,
kai a ƙasa, takarda tana ɗiga.
Wani tela ya leƙo karɓar rasit,
ya ce mun rataye shi a juye.
Baba ya ce a'a, haka yake.